Me ya sa Linux ya kasu kashi-kashi, kuma wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata ba ta karɓar Windows 11, ga shi kuma Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 tun Oktoban 2025. Wani ya ba ni shawara in koma Linux tunda kyauta ne. Da na je dubawa sai na tarar da Ubuntu da Mint da Fedora da Debian da Arch, ga GNOME ga KDE, kowa yana cewa nasa ya fi. Me ya hana mutanen nan su haɗa kai su yi abu guda mai kyau? Ni kuma wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ruɗewar da ka yi ba gazawarka ba ce. Na daɗe ina ɗora wa mutane Linux a kwamfutocinsu, na kuma taɓa shirya manhajar da na rubuta domin ta yi aiki a nau'o'insa daban-daban, kuma har yau ban ga sabon shiga da bai tsaya turus a daidai wurin da ka tsaya ba. Tambayoyinka biyu ne. Ta biyun amsarta gajera ce, zan zo kanta. Ta farkon ita ce mai buƙatar zama, domin in ka fahimce ta, zaɓin zai zo maka da sauƙi.

Abin da ake kira Linux, a ainihinsa, ba cikakken tsarin kwamfuta ba ne. Zuciyar tsarin ce kawai, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfen na'ura: shi ke raba wa manhajoji lokaci da ma'adana, shi ke kula da faifai da kebul da katin intanet. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finland. Da ita kaɗai ba za ka iya buɗe ko takarda ɗaya ba. Sai an ɗora mata kayan aikin GNU, shirin da Richard Stallman ya assasa a 1983, sannan a ɗora abin da ke zana hoto a allo, da abin da ke fitar da sauti, da fuskar da kake gani kana dannawa, da burauza, da manhajar ofis. Kowanne daga cikin waɗannan mutane daban ne ke yin sa, a ƙasashe daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Wanda ya tattaro su ya ɗaure su wuri guda ya ce ga shi a ɗora a kwamfuta, shi ne ya yi abin da masu harkar ke kira distiro. Debian distiro ce, Fedora distiro ce. GNOME da KDE kuwa fuskoki ne, kana iya samun kowacce a kan kusan kowace distiro. Kenan jerin sunayen da ya ruɗa ka ma ba duka abu ɗaya suke nufi ba.

To me ya hana su haɗewa? Lasisin da suke aiki da shi. A 1992 Torvalds ya sanya Linux ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya karanta rubutun manhajar, wato umarnin da masu shirye-shirye suka rubuta aka gina ta da shi, ya canza shi, ya raba wa jama'a abin da ya canza, da sharaɗin shi ma ya bar ƙofar a buɗe. Sauran ɓangarorin ma da wannan lasisi ko makamancinsa suke tafiya. Ma'anar wannan ita ce babu mai ikon cewa kada ka ɓalle. In shugabannin wani aiki suka ɗauki hanyar da ba ta yi maka ba, kana da haƙƙin ka kwashi rubutun gaba ɗaya, ka sa masa sabon suna, ka ci gaba da naka. 'Yancin da ya sa za ka sauke tsarin nan ba tare da ka biya ko ka roƙi kowa ba, shi ne dai 'yancin da ya haifi ɗaruruwan nau'o'i. Ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya.

Kuma galibin ɓallewar da aka yi tana da dalilin da masu ita suka ɗauke shi da gaske. Dubi GNOME da KDE, waɗanda su ne tushen rarrabuwar fuska har gobe. Matthias Ettrich ya sanar da KDE a Jamus a Oktoban 1996, ya gina ta a kan wasu tubalan manhaja, wato shiryayyun guntayen rubutu da manhajoji ke ginuwa a kansu, da ake kira Qt, na kamfanin Trolltech da ke Norway. A lokacin lasisin Qt bai cika sharuɗɗan 'yantacciyar manhaja ba. Mutanen GNU suka ga cewa in fuskar da kowa zai dogara da ita ta tsaya a kan tubalin da kamfani ɗaya ke iya janyewa, to duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Shi ya sa a 1997 Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan ƙasar Meziko, suka fara GNOME a kan wasu tubalan daban, GTK. A shekarar 2000 Trolltech ta saki Qt a ƙarƙashin GPL, dalilin rigimar ya kau. Amma kafin nan kowane ɓangare ya riga ya tara jama'arsa, ya rubuta ɗaruruwan manhajoji, ya kafa ɗabi'arsa. KDE ta yi suna da ba ka damar juya komai yadda kake so, GNOME kuma ta karkata ga rage maɓallai domin kada hankali ya rarrabu. Babu wanda zai zubar da aikin shekaru don saɓanin farko ya wuce.

Shekarar da abin ya fi ƙamari a idona ita ce 2011. A watan Afrilu aka saki GNOME 3, aka kawar da tsohon tsarin da mutane suka saba da shi, na jerin manhajoji a sama da jerin tagogi a ƙasa. A wannan watan dai Ubuntu ta koma tata fuskar mai suna Unity. Waɗanda ba su yarda da ko ɗaya ba suka ɗauki tsohon rubutun GNOME 2 suka raya shi da sunan MATE, mutanen Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon. Cikin shekara guda gida ɗaya ya zama huɗu. A 2017 Mark Shuttleworth, mai kamfanin Canonical da ke yin Ubuntu, ya sanar da cewa sun ajiye Unity sun koma GNOME. Shekara shida kenan na aikin ƙwararru. Ba zan ce a banza ya tafi ba, don akwai masu riƙe da Unity har yanzu, amma duk wanda ya ce maka rarrabuwar nan ba ta cin komai bai faɗa maka gaskiya ba.

Sai dai ina so ka raba abu biyu, domin a nan ne na saba da yawancin masu kukan. Yawan sunaye ba shi ne ciwon ba. In ka bi salsalar nau'o'in nan za ka tarar gidaje kaɗan ne. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ta haifi Ubuntu a 2004, Ubuntu kuma ta haifi Mint a 2006 da wasu da dama. Red Hat da Fedora gida ɗaya ne. SUSE da openSUSE gida ɗaya. Arch, wadda ta fito a 2002, ita ce uwar Manjaro da ire-irenta. Da yawa daga cikin ɗaruruwan da ake lissafawa Ubuntu ce ko Debian aka canza mata launi da zaɓin manhajoji. Wanda ya iya Mint, ranar da ya zauna gaban Ubuntu ba baƙo ba ne. Ɗalibin da ya haɗa tasa distiro don ya koyi yadda abin ke aiki bai rage wa kowa komai ba, kuma ba wanda ya tilasta maka ka san da zamanta.

Ciwon yana wurin haɗuwa, inda manhaja ke zama a kan tsarin. Bari in nuna maka da abin da ya faru da ni.

Na taɓa rubuta wata ƙaramar manhaja ta ajiye bayanan kaya, na gwada ta a kwamfutata tana tafiya lafiya lau. Na tura wa mutum uku. Na farko ta buɗe masa. Na biyu ya danna, shiru. Da muka buɗe ta ta baƙin allon umarni sai ga layi ɗaya yana cewa ba a sami wani tubali ba. Tubalin yana nan a kwamfutarsa, amma tsohuwar fitowa ce, domin nau'in da yake amfani da shi yana riƙe abubuwa shekara biyu bai canza ba. Na uku kuma nasa tubalin ya fi nawa sabunta, an canza sunan wani aiki a ciki, manhajar ta buɗe amma da ya danna wurin bugawa a firinta sai ta rufe kanta. Rubutu ɗaya, kwamfuta uku, dukkansu ana ce musu Linux. Na kwana biyu ina gyara abin da ba kuskurena ba ne, ba kuma kuskuren kowa ba ne: kowane nau'i ya yi daidai bisa tsarinsa. Ni mutum ɗaya ne da manhaja ƙarama. Ka auna kamfanin da ke da manhajar zane ko ta lissafin kuɗi mai masu saye miliyoyi, wanda dole ya amsa kiran duk wanda abin ya ƙi yi masa. Shi zai duba ya ga kaso kaɗan na kasuwa, kason ma ya rabu gida goma, sai ya ce a bar shi tukuna.

Dalilin haka shi ne yadda aka saba raba manhaja a duniyar Linux. A Windows mai manhaja ne ke haɗa ƙunshinsa da duk abin da yake buƙata ya miƙa maka. A Linux kuwa al'adar ita ce masu distiro su ɗauki rubutun su gina shi da kansu, su ajiye a rumbunsu, duk manhajojin su yi tarayya a tubali ɗaya. Wannan dabara tana da kyau ƙwarai ta fuskar tsaro: in aka gano ɓaraka a tubali, sau ɗaya za a toshe ta, duk manhajojin su warke. Amma gidan Debian yana da irin ƙunshinsa, deb; gidan Red Hat da na SUSE suna amfani da rpm; Arch tana da nata. Ga kuma bambancin lokaci. Fedora tana fitowa duk wata shida, Debian kusan duk shekara biyu, Arch kuwa kullum cikin sabuntawa take. Torvalds kansa, a taron masu Debian na 2014, ya koka da wannan. Ya nuna cewa su a zuciyar tsarin suna da ƙa'ida mai tsauri, ba sa yin canjin da zai karya manhajar da ke aiki, amma a saman zuciyar ba a riƙe wannan ƙa'ida ba, har shirya manhajarsa ta masu ninƙaya a teku ya fi masa sauƙi a Windows da Mac fiye da a Linux.

An yi yunƙurin magance wannan da yarjejeniya. Tun 2001 aka kafa wata ƙa'ida mai suna Linux Standard Base domin nau'o'in su amince da shimfiɗa ɗaya. Fitowarta ta ƙarshe a 2015 ce, kuma kafin nan ma yawancinsu sun daina kula ta. Daga baya aka koma wata dabara: a bar mai manhaja ya ƙunshe kayansa da tubalansa, ƙunshin ya yi aiki a ko'ina. Dabarar ta yi. Sai dai hanyoyi uku suka fito a maimakon ɗaya, AppImage da Snap da Flatpak, aka gudu ba a tsira ba. Snap na Canonical ne, kuma rumbun da ake saukowa daga gare shi a hannun kamfanin kaɗai yake. Wannan ya sa da Ubuntu ta mayar da burauzar Chromium zuwa Snap, mutanen Mint suka toshe shigarsa kai tsaye a fitowarsu ta 2020, duk da cewa a kan Ubuntu suke gini. A yau mafi yawan nau'o'in da ba Ubuntu ba sun karkata ga Flatpak da rumbunsa Flathub. A ganina nan ne alƙiblar take, amma mai amfani na yau da kullum har yanzu yana iya buɗe shagon manhajoji ya ga abu ɗaya sau biyu ko uku, fitowa daban-daban, ba wanda ya yi masa bayanin bambancinsu. Wannan gazawa ce ta gaske, kuma a kan sababbin shiga irinka take faɗawa.

Haka abin yake a ɓangaren zana hoto a allo. Tsohon tsarin, X11, tun 1987 yake. Ya tsufa, kuma a cikinsa kowace manhaja tana iya leƙen abin da kake bugawa a wata. A 2008 Kristian Høgsberg ya fara Wayland domin ya gaje shi. Fedora ta koma kansa a 2016, Ubuntu ta zauna a kansa daga 2021, KDE kuma ta mai da shi zaɓin farko a Plasma 6 a 2024. Shekara goma sha shida ana sauya sheƙa. Abin da ya ja lokacin shi ne Wayland yarjejeniya ce a rubuce, kowace fuska ita ke gina nata aiwatarwar, kuma ba kullum suke yarda da juna ba. Misali ƙarami: wa zai zana layin saman taga, mai ɗauke da maɓallin rufewa? KDE tana iya zana wa manhaja, GNOME ta ce aikin manhajar ne. Sakamakon haka an yi lokacin da wasu manhajoji ke buɗewa a GNOME babu maɓallin rufewa, sai da aka rubuta wani tubali na musamman don cike giɓin. Nuna allonka a taron bidiyo ma ya ɗauki shekaru kafin ya daidaita. Ba manyan abubuwa ba ne a idon injiniya, amma mutumin da yake tsakiyar ganawa da shugabansa allon ya ƙi fita, shi babu ruwansa da tarihin yarjejeniya.

Yanzu ga maganar haɗa kai. Akwai zato a cikin tambayarka, kuma zato ne na hankali: cewa in aka rufe ƙananan ayyukan, masu yin su za su koma babban. A aikace ba haka take kasancewa ba. Wanda yake ba da darensa kyauta yana gyara Xfce don yana son fuska marar nauyi da tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka, in ka rufe Xfce ba GNOME zai koma ba, barci zai yi. Waɗanda ake biya kuma, kamfanoninsu ke biyansu, Red Hat da Canonical da SUSE da sauransu, kuma kuɗin waɗannan kamfanoni daga manyan kwamfutocin ma'aikatu yake shigowa, ba daga kwamfutar da ke kan teburinka ba. Babu shugaba guda da zai buga tebur ya ce kowa ya bi nan.

Inda aka sami irin wannan shugaban, an ga sakamako. Android a kan zuciyar Linux yake, kuma yana cikin wayoyi biliyoyi, domin Google ta ce ga hanya ɗaya ta shirya manhaja. ChromeOS ma haka. Kamfanin Valve ya fitar da na'urar wasa ta Steam Deck a 2022, a kan Arch da fuskar KDE, mai saye bai ma san da haka ba, kunnawa kawai yake yi. Abin da ke sosa min rai a labarin Valve shi ne yadda suka warware matsalar wasanni: ta hanyar Proton, wanda suka saki a 2018, mai sa wasan da aka yi wa Windows ya yi aiki a Linux. Wato shimfiɗar da ta fi tsayawa cik ga mai yin wasa a kan Linux ita ce ta Windows. Ya kamata wannan ya dami duk mai ƙaunar harkar nan. Amma ka lura da farashin haɗewar irin ta Google: a wayarka kamfani ne ke yanke abin da zai shiga da ranar da za a daina sabunta ta. Matsalar da ta koro ka daga Windows kenan. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kamfani ɗaya ya ce ta tsufa, kuma ba ka da wurin ɗaukaka ƙara.

Ikon ɓallewa shi ne wurin ɗaukaka ƙarar. A 2010, bayan Oracle ta sayi kamfanin Sun, masu aikin OpenOffice, manhajar ofis da ke hannun Sun, da yawa ba su gamsu da makomarsa ba, suka kwashi rubutun suka kafa LibreOffice, wanda shi za ka tarar a kusan duk nau'in da ka ɗora. A 2004 da masu XFree86, manhajar da ke aiwatar da X11 a lokacin, suka canza lasisinsu, jama'a suka koma X.Org, cikin ɗan lokaci tsohon ya zama kufai. Ga kuma abin da ya faru a Maris ɗin 2024, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani ya yi shekaru yana taimaka wa mai kula da wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, har ya sami amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa ta gwaji yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi ya tono ta. Gurɓataccen rubutun ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga tsayayyun fitowar da ma'aikatu ke dogaro da su ba, saboda su ba sa gaggawa. Bambancin saurin nan da ya hana ni barci kwana biyu, shi ne ya zama katanga a ranar. Labarin ya kuma tona wani abu: tubalin da duniya ke tsaye a kansa mutum ɗaya ne mai gajiya yake riƙe da shi. Wannan ya fi damuna fiye da yawan distiro nesa ba kusa ba.

Kuma haɗewa tana faruwa, sai dai a ƙasa take yi, inda ido ba ya gani, kuma a hankali. Tun shekarar 2000 dandalin freedesktop.org ke tattara ƙa'idojin da GNOME da KDE suka yarda da su, shi ya sa manhajar ɗaya ke aiki a ɗayar. Tsarin tayar da kwamfuta, systemd, ya jawo rigima mai zafi: a Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu, sai da shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, waɗanda ba su yarda ba suka ɓalle suka kafa Devuan. Amma yau kusan duk manyan nau'o'in a kansa suke, har Ubuntu da ta ajiye nata a 2015. Sauti ma da can rabe yake, masu amfanin yau da kullum da PulseAudio, masu haɗa kiɗa da JACK. PipeWire ya zo ya ɗauki aikin duka biyun, Fedora ta fara da shi a 2021, saura suka biyo. Ba wanda ya ba da umarni. An gwada, ya fi, aka bi.

Wani abu kuma da nake so ka riƙe: ko da gobe aka wayi gari distiro ɗaya ce tak, ba na jin Linux zai mamaye teburan mutane. Ƙididdigar StatCounter ta nuna ya haura 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a 2024, alhali tun 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki, da rarrabuwar tasa da komai. Babban dalili shi ne mutane ba sa ɗora tsari, abin da suka tarar a kwamfutar ranar da suka saya shi suke amfani da shi har ta mutu. Rarrabuwa tana da nata kason laifin, musamman wajen korar masu yin manhaja, amma ba ita kaɗai ba ce.

To wanne za ka ɗauka? Tunda daga Windows kake, kuma aiki kake son yi da kwamfutar, ɗauki Linux Mint mai fuskar Cinnamon. Jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu inda hannunka ya saba, an gina ta a kan fitowar Ubuntu mai dogon tallafi wadda ake kula da ita shekara biyar, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka, an amsa masa. In kwamfutar ta yi rauni sosai, Mint ɗin dai, amma mai fuskar Xfce. Ubuntu ma zaɓi ne mai kyau, haka Fedora in na'urarka sabuwa ce. Arch ka bar ta tukuna. Tana da kyau, amma an yi ta ne don wanda yake son ya haɗa komai da hannunsa. Kada ka ɗauki ƙaramar distiro da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da ita don hotonta ya burge ka, domin ranar da suka gaji, sabuntawar tsaro ta tsaya. Kuma in ka zaɓa, ka zauna a kai aƙalla wata shida. Na ga mutane da yawa suna tsalle daga wannan zuwa wancan duk mako saboda wata 'yar matsala, alhali matsalar direban na'urarsu ce, wato 'yar manhajar da ke sa tsarin ya iya magana da wani ɓangare na na'urar, kuma za ta bi su duk inda suka je tunda zuciyar ɗaya ce.

Kafin ka taɓa komai, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai na waje. Sannan ka rubuta manhajojin da ba ka iya aiki sai da su. In akwai irin su Photoshop ko Microsoft Office na tebur a ciki, ka sani ba a yi su don Linux ba, sai ka gwada madadinsu tun kana Windows, domin LibreOffice da GIMP duk suna aiki a can. Buɗe ainihin takardunka da su ka ga ko sun fito daidai. In wannan ya yi, sa Mint a kan filasha, ka tayar da kwamfutar daga kanta ba tare da ka ɗora ba. A nan ka gwada intanet marar waya, ka kunna sauti, ka buɗe kyamara, ka haɗa firintarka ka buga shafi ɗaya, ka rufe murfin kwamfutar ka sake buɗewa ka ga ko ta farka. In duk sun yi, danna maɓallin ɗorawa. In ɗaya ya ƙi, rubuto min sunan kwamfutar da abin da ya ƙi ɗin, mu duba tare.